Muryar da Ta Daina Kira a Tanghin

Na shiga Wagadugu da hantsi, sanyi yana ƙarewa zafi yana leƙowa, ƙafafuna sun kumbura saboda zaman mota. Abin da na fara gani ta taga shi ne mata a kan babura. Ban taɓa ganin mata masu yawa haka suna tuƙi ba: wannan da goyo, waccan da kwandon salak ɗaure a baya, ga wata tsohuwa ta zauna daram kamar a kan kujerar tsakar gidanta. Suna tafe gefe da gefe, ba gaggawa. Na kwana biyu ban yi barcin kirki ba, saboda haka sai na riƙa ganin garin kamar ta bayan siririn labule.

Sunana Murjanatu, 'yar Zariya ce ni, aikina rubuta manhajar kwamfuta. Wanda ya kira ni wani mutum ne da muka haɗu a intanet, kowa yana ce masa Musyu Karim. Yana da ƙaramin kamfani a unguwar Dassasgho. Ya ce suna da manhaja da aka rubuta da harshen Scala, wanda ya rubuta ta ya tafi Kanada ya daina amsa waya, kuma ya rasa wanda ya iya harshen sosai. Ya yi mini alkawarin ɗaki mai fanka da ƙofar kaina, da abokan aiki masu jin Turanci. Faransancina a lokacin bai wuce gaisuwa ba.

Dassasgho

Ɗakin da aka yi mini alkawari ashe ɗakin ajiya ne a bayan ofis. Karyayyun kujeru, kwalayen na'urori, katifa a ƙasa. Ƙofar ba ta da sakata, ga maigadi namiji yana kwana a baranda. Musyu Karim ya kaɗa makullin motarsa ya ce da Turanci, "Na ɗan lokaci ne, madmazel." Abokan aikin kuwa mutum ɗaya ce, wata siririyar yarinya Bamosiya mai tabarau, sunanta Wendkuni. Turancinta na karatu ne, tana fahimta amma in za ta yi magana sai ta rufe ido tana laluben kalma.

Ita ta nuna mini aikin. Akwai ƙungiyar masu lambu a Tanghin, can bakin madatsar ruwa. In mai saye ya nemi kaya, manhajar ce take sanar da mai lambu ranar ɗiba, ta sanar da direba lokacin zuwa. Masu karatu ana tura musu rubutaccen saƙo da Faransanci. Waɗanda ba su yi boko ba, kuma su ne suka fi yawa, wayarsu ake kira, murya ta yi musu bayani da Mosanci, direbobin Nijar kuma da Hausa. To an daɗe masu lambu suna kukan ba a kiransu. Kaya suna lalacewa. Allon ofis kuwa yana nuna an kira kowa.

"Manhajata lafiyarta ƙalau," in ji Musyu Karim. "Wayoyinsu ne matattu, ko su kashe su manta. Ki duba, sannan ki tsaya gaban shugabannin ƙungiya ki gaya musu haka. In suka ji daga bakin ƙwararriya daga Najeriya za su yarda."

A nan na gane ba gyara aka kawo ni yi ba, shaida aka kawo ni bayarwa.

Na yi 'yan kwanaki a ɗakin nan, ina tokare ƙofa da kujera. Ba na jin abin da kowa yake faɗa. In na fita sayen abinci sai in nuna da yatsa, a zuba mini abin da aka ga dama. Wata rana da azahar ina zaune gaban kwamfuta, sai na ji wata murya daga bakin ƙofar gida tana cewa, "Wagga mota ta ishe ni, wallahi ta ishe ni!" Ban san lokacin da na tashi ba, ko takalmi ban sa daidai ba. Wani dattijo ne mai furfura a gemu, ya buɗe gaban wata tsohuwar akori-kura yana yi mata faɗa.

Na ce, "Sannu, Baba."

Ya ɗago a hankali. "A'a! Bahaushiya cikin biro? Ɗiyata, daga ina kika hito?"

Sai kawai na fashe da kuka. Ya tsaya da sifana a hannu har na gama. Sunansa Malam Isufu, mutumin Tawa, yana cikin direbobin da suke ɗaukar kayan lambun Tanghin. Ya zo ne ya kawo ƙara cewa an daina kiransa. Da ya leƙa ya ga inda nake kwana, sai ya ce, "Ɗauko kayanki. Ba a aje ɗiyar mutane nan. Mu tahi Zongo."

Zongo

Gidan Hajiya Azumi ya kai ni. Tsohuwa ce doguwa, baƙa, haƙoranta sun rine da goro. Kafin ta tambayi sunana ta sa aka kawo mini zom-kom, ruwan gero mai sanyi da tsamiya da citta wanda ake tarbar baƙo da shi a ƙasar. Na shanye ƙwaryar tas. Ta ce, "To, yanzu kin iso. Ke 'yar wace ce a Zazzau?"

Hajiya ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Kakanninta fataken goro ne, suka yada zango a nan suka zauna. Amma ta san sunayen ƙofofin Zariya, ta ji su a bakin kakanta, tana jera su kamar mai karanta addu'a. Takan tambaye ni ko har yanzu akwai wata rijiya, ko wata kuka, abubuwan da ni da aka haifa a can ban taɓa jin labarinsu ba. Hausarta tsohuwa ce, an yayyafa mata Faransanci: makaranta lakwal, wutar lantarki kuran, ofis biro. Jikokinta kuwa sukan fara magana da Hausa, su ratsa ta Mosanci, su ƙarasa da Faransanci, ba su ma san sun yi ba.

Ta ba ni ɗaki kusa da nata, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ba a wannan gida aka haife ta ba. Tsohon gidansu yana can tsakiyar gari wajen Kamsaoghin, an rushe unguwar an gina benaye. Duk da haka in za ta yi mini kwatance sai ta ce, "Ki bi ta gaban gidan liman, in kin kai inda masu rini suke ki karya dama." Ni kuma in je in tarar da banki da filin ajiye motoci. Na daina gyara mata. Na riƙa tafiya a gari biyu, wanda nake gani da wanda take gani, kuma nata ya fi zama a raina.

Ranar da aka yi miyar kuka da daddawa a gidan, ƙamshin ya same ni ina wanki. Na ga tsakar gidanmu a Tudun Wada sarai, har da bokitin da mahaifiyata take kifewa a bakin rariya. Na daɗe a tsugune hannuna cikin kumfa. Hajiya ta wuce ta bayana ta ce, "Ki ci da zafinsa, 'yar nan, kewa ba ta son yunwa."

Cikin manhajar

Kullum da safe Wendkuni takan biyo ta Zongo ta ɗauke ni a babur ɗinta, ko da yake ba hanyarta ba ce. Ban roƙe ta ba. Rana ɗaya kawai na fito na gan ta a ƙofar gida tana gaida Hajiya da Mosanci.

Ga yadda manhajar take. Ba a rubuta ta a dunƙule ba, sashe-sashe ce, kowane sashe ana ce masa trait. Wendkuni takan haɗiye ƙarshen kalmar irin na masu Faransanci, na daɗe kafin na gane abu ɗaya muke nufi. Kowane sashe yana faɗin abin da ya iya da abin da yake bukata daga wani. Sashen da yake tsara ɗibar kaya ba ya kiran kowa da kansa, cewa kawai yake, a ba ni mai kira. Bai damu da ko wane ne ba, muddin ya iya kira. A can ƙarshe akwai layi guda inda ake jera sassan duka a haɗe su: wannan, da wannan, da wannan. Sannan akwai kwamfaila, wato manhajar da take tantance rubutu kafin ta bari ya yi aiki. Ta Scala ba ta da sassauci. In sashe ya nemi mai kira ba a ba shi ba, ko aka ba shi wani abu daban, sai ta ƙi, ta cika allo da jan rubutu. Shi ya sa masu aiki da harshen muke da wata irin natsuwa: in kwamfaila ta yi shiru, mukan ɗauka komai daidai yake.

Kuma ta yi shiru.

Na karanta sashen mai kira daga sama har ƙasa, na sake karantawa. Mutumin Kanada ya iya aikinsa, ban ga aibu ba. Na duba layin haɗi, ga mai kira nan a jere da sunansa. Na tura wa kaina rubutaccen saƙo, ya shigo nan take. Lambata ta Najeriya ce, tsarin kiran ba ya karɓarta, lambar Wendkuni kuma tana rukunin masu karatu, kuma Musyu Karim ya hana a taɓa rukunin ba da izininsa ba. Sunayen komai da Faransanci suke, sai na tambaya kalma-kalma. Ga zafi ya sauka sosai. Da azahar a ɗauke wuta, fanka ta tsaya, mu zauna mu biyu muna fifita da kwali. A irin wannan lokaci nakan yi gyangyaɗi ido biyu, in ga sassan manhajar sun zama mutane sanye da fararen kaya, sun yi sahu a wani fili, kowa yana riƙe da hannun na kusa da shi, ba mai magana. In na matsa in ga fuskokinsu sai wuta ta dawo, fanka ta yi ƙara, in farka.

Zazzaɓi ya kwantar da ni. Hajiya ta dafa mini ganye ta sa na yi surace, Wendkuni ta kawo magani daga kantin magani da kwanon benga, wake da shinkafa, wai mahaifiyarta ce ta aiko. Ina kwance ina kallon inuwar ganyen mangwaro a bango, na fara gaya wa kaina cewa wataƙila Musyu Karim yana da gaskiya. Kwamfaila ba ta ƙarya. Allo ya ce an kira. In na tsaya na faɗi abin da yake so, aikina ya zauna, in daina wannan wahala.

Malam Isufu ya zo duba ni, ya tsaya daga bakin ƙofa. Na gaya masa abin da nake tunani. Ya ce, "Ɗiyata, ni ban san abin da ke cikin injinku ba. Amma wayata ga ta, matata na kirana, masu kaya na kirana. Matar nan ta cikin waya ita ɗai ta bar kira. In kin samu lahiya ki taho ki gani da idonki."

Tanghin

Mun je da sassafe. Ban san akwai wuri irin wannan a cikin garin ba. Ruwan madatsa a kwance fari fat, hazo yana tashi daga kansa, ga lambuna kore shar sun bi gaɓa har inda ido ya tsaya. Maza da mata suna kai da kawowa da bututun ban ruwa biyu-biyu, ruwan yana zuba kamar gashi. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na albasa. Jikina bai gama warwarewa ba, sai na ji kamar ba taka ƙasa nake ba.

Ya kai ni wajen wata mata mai suna Asseta, gajera, ƙafafunta duk laka. Tana noma salak da wani jan ɗan itace mai laushi da suke kira furez, wanda ba ya jure ko yini guda a rana. Ta kama hannuna ta ja ni bayan bukkarta. Tulin furez ne guda, ja da baƙi, ƙudaje sun rufe shi, yana tashin tsami. Ta yi magana, Malam Isufu ya fassara: wannan na mai otal ne, ya nema, ba a gaya mata ba, ya gaji ya koma wajen wasu. Wancan ɓangaren kuma ta ɗiba ne da ka, ko direba zai zo, bai zo ba. 'Yarta ta bar makaranta wannan zangon. Kuma an ce wai ita ce ba ta iya riƙe waya ba.

Ta zaro wayar daga wata 'yar jaka da ta rataya a wuya. Cike take da caji. Na kira lambar da tawa wayar, ta yi ƙara.

Sai na kira Wendkuni a ofis. Na ce, "Ki sa manhaja ta kira Asseta yanzu, ina riƙe da wayarta."

Ta ce patron, wato Musyu Karim, bai ba da izini ba. Na ce ni zan ɗauki laifin. Na ji tana danna madannai. Muka tsaya mu uku muna kallon wayar a tafin hannuna. Wani farin tsuntsu ya sauka a bakin ruwa ya tashi. Wayar ba ta ko motsa ba.

"Ya tafi," in ji Wendkuni. "An kira, an ɗauka, an saurara har ƙarshe."

"An ɗauka?"

"Haka ya nuna."

"Duba na jiya. Duba na makon jiya. Akwai wanda bai ɗauka ba?"

Ta ɗan jima. "Babu. Kowa ya ɗauka."

Mutanen da hannunsu yake cikin ruwa da laka tun asuba, direbobi a kan hanya, a ce ba wanda kira ya taɓa wucewa? Ba waya a duniya da take haka. Abu ɗaya ne kawai yake amsa kowane kira: mai kiran gwaji. Duk mai rubuta manhaja yakan ƙirƙiri na bogi, wanda ba ya kiran kowa, sai dai ya ce an kira an ɗauka, don a gwada aiki ba tare da an dami mutane ba. Na san akwai shi a manhajar, na gan shi, na wuce shi, domin ba ya cikin layin haɗi.

Na mayar wa Asseta wayarta da hannu biyu. Na ce Malam Isufu ya gaya mata ba laifinta ba ne. Ta dube ni ta ce, "Barka." Na ɗauka murna take taya ni, sai daga baya na san a bakinsu godiya ce.

Dassasgho kuma

Na ƙara layi ɗaya a manhajar, na ce in ta tashi ta faɗi sunan wanda yake yi mata kira. Ta faɗa. Na bogin ne.

Amma ta ina ya shigo? Muka zauna da Wendkuni muka ɗauki sassan layin haɗi ɗaya bayan ɗaya, muna bin asalin kowanne, domin sashe yana iya gadon wani sashe, shi ma wancan ya gaji wani. Na farko tsaf. Na biyu tsaf. Sai da muka kai na ƙarshe, wani ɗan sashe mai zana rahoto da launuka, wanda ba ruwansa da waya ko kaɗan. Shi ya gaji wani sashe da mutumin Kanada ya yi don nuna wa baƙi yadda manhajar take aiki. Wancan kuma, don kada a kira mutane a banza lokacin nuni, ya gaji mai kiran bogi, da izinin ya maye gurbin duk wani mai kira da ya tarar. A Scala kuwa in sassa biyu suka kawo abu iri ɗaya, na ƙarshe a layi shi ne da magana. Mai kira na gaskiya yana nan a jere, lafiyarsa ƙalau, an dai rufe masa baki ne. Kwamfaila ba ta yi ƙarya ba. An nemi mai kira, an samu mai kira. Ba aikinta ba ne ta tambaya ko yana kiran wani.

Na juya in yi wa Wendkuni murmushi, sai na ga ta cire tabarau.

"Ni na sa shi," ta ce. "Masu ba da tallafi za su zo, patron ya ce yana son rahoto mai launi kafin gari ya waye. Na ga wannan a shirye, na liƙa shi a ƙarshe. Kwamfaila ba ta ce komai ba." Ta rufe ido tana neman kalma. "In ya sani, ya kore ni. Ni kaɗai nake aiki a gidanmu."

Na ce, "Ni ma da haka zan yi. Matso da kujerarki."

Da mun so, da mun sauya jerin kawai, mu mayar da mai rahoto gaba, a wuce wurin. Amma tarkon yana nan, wani zai sake faɗawa. Muka raba mai rahoto da sashen nuni gaba ɗaya, muka kwashe na bogin muka kai shi ɓangaren gwaji, inda manhajar gaske ba ta ma iya ganinsa. Nan fa kwamfaila ta farka. Allo ya yi ja daga sama har ƙasa, duk inda aka taɓa jingina da na bogi ba a sani ba ya fito fili. Ban taɓa jin daɗin jan rubutu irin na ranar ba. Muka bi su ɗaya-ɗaya, kwana da kwanaki, ita tana fassara mini sunaye, ni ina nuna mata dalilin kowane kuskure, har ta fara riga ni ganewa.

Ranar da muka saki gyaran na koma Tanghin da safe, Wendkuni ta zauna a ofis. Ina tsaye a kan wata kunya sai na ji ƙara daga nesa, can wajen masu kabeji. Sai wata kusa. Sai wata a bayana. Wayoyi suna ta kuka a cikin ganye, kowace da irin kiɗanta, mutane suna ajiye bututu suna goge hannu a zani. Asseta ta kara tata a kunne, ta tsaya cak, tana gyaɗa kai kamar mai sauraron babba.

Taron ƙungiya

An yi shi a ƙarƙashin wata rumfa a bakin lambu. Musyu Karim ya yi dogon jawabi da Faransanci. A lokacin na fara tsintar kalmomi, na ji yana cewa matsalar daga layukan waya ce da kuma rashin sabon mutane da na'ura, shi ne ya tsaya tsayin daka har aka shawo kanta. Shugaban ƙungiyar, wani tsoho mai hular saƙa, ya saurara har ƙarshe. Sannan ya juyo gare ni ya yi magana da Mosanci, Malam Isufu ya fassara.

"Ya ce ke baƙuwa ce, ba ki da dangi cikinmu. Ya ce ki hwaɗa mishi abu guda: matanmu ƙarya sunka yi?"

Na ji idon Musyu Karim a gefen fuskata. Na tuna ba ni da kowa a ƙasar nan sai tsohuwa da direba.

Na ce, "Baba, gaya masa ba su yi ƙarya ba. Wayoyinsu lafiya suke. Laifin yana cikin injinmu, ya daɗe a ciki, yanzu mun cire shi."

Tsohon ya tambaya ko laifin wane ne. Na ce na injin ne. Wendkuni tana zaune a bayana, ban waiwaya ba.

Musyu Karim ya yi dariya, har ya tafa mini. Washegari ya kira ni ofishinsa ya ce lokacin gwajina ya cika, ya gode, kamfani ba shi da halin riƙe mutum biyu. Ban yi gardama ba. Na fito na tarar da Wendkuni a baranda tana kuka, ni ce ma na riƙa ba ta haƙuri. Na ce mata yanzu ta san manhajar fiye da wanda ya rubuta ta, ba mai iya korarta.

Hanyar tasha

Ana jibi zan tafi ta zo Zongo da kwamfutarta. Ta ce akwai abu ɗaya da ya rage. Muryar Hausa da ake kiran direbobi da ita, wata ce da ba ta jin Hausa ta karanta daga takarda, direbobi dariya suke yi mata, wani lokaci ba sa gane ranar da ake nufi. Ko zan sake ɗauka?

Muka shiga ƙuryar ɗakin Hajiya da la'asar, muka rufe taga, aka lulluɓe ni da bargo don kada kukan awaki ya shiga. Ina zufa na fara: "Gobe da safe ka je Tanghin..."

"Tsaya," in ji Hajiya daga bakin gado. "Haka ake yi a Zazzau? Ki kira magidanci ki hau shi da aike ba sallama?"

Na sake, da sallama. Malam Isufu yana zaune a waje kan turmi, ya ɗaga murya ya ce kada in ce madatsa, ba wanda zai gane, in ce baraj. Hajiya ta ce in ƙara da fatan sauka lafiya. Wendkuni ta ce saƙon ya yi tsawo. Hajiya ta ce a bar shi da tsawonsa. Na faɗi ranakun mako ɗaya-ɗaya, na faɗi safe da rana da yamma, na faɗi sunayen kayan lambu, ina cikin duhun bargo ina jin muryata tana fita tana shiga wani wuri da ba zan bi ta ba.

Ranar tafiya Hajiya ba ta rako ni ƙofa ba. Ta ƙulla mini goro a ganye ta ce in kai wa mahaifiyata, in ce daga 'yar uwarta ta Zongo. Sannan ta juya fuska bango ta ce in tafi kafin rana ta yi.

Malam Isufu ne ya ɗauke ni a akori-kurarsa. Muna tafe, gari yana wucewa a hankali. Mun kusa tasha sai wayarsa ta yi ƙara a gaban mota. Ya duba, ya danna, ya ajiye ta a tsakaninmu. Sai ga muryata.

"Salamu alaikum, Baba direba, barka da aiki. Yau da yamma ana jiranka a Tanghin, bakin baraj, za ka ɗauki salak. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya."

Ya rage gudu. Ya amsa sallamar cikakkiya, kamar yadda ake amsa wa mutum. Sannan ya ce wa wayar, "To, ɗiyata, na ji. In na sauke ki tasha, can za ni."